Fayil Goma Sha Ɗaya, Kowanne Sunansa Sabo

Sunana Garba, a Wudil Garba Taifis ake ce mini, kuma karatuna bai yi nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce burga nake yi masa da boko. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne samarin da suke leƙowa shagona, su ga na taɓa maɓalli ɗaya katin sakamakon yara ɗari uku ya fara fitowa daga firinta, sai su ce, "Baba Garba, ashe sati biyu ya ishi mutum ya koyi aikin nan." Ba na musu da su, bakina ya gaji. Ga shi nan a rubuce, mai so ya karanta.

Aikin farko da na yi da hannuna takardar sayen gona ce ta wani mutumin Dagumawa. A tafireta na buga ta, a teburin maigidana Alhaji Ɗanjuma, ƙarƙashin darbejiya kusa da sakateriya. Takarda uku ake haɗawa da kabon biyu a tsakani, sai ka doka harafi da ƙarfi kafin ya fito a ta ƙarshe. Na tsallake sunan shaida ɗaya. Alhaji ya karanta, ya yage duka ukun, ya miƙo mini sababbi. Sai da na buga ta sau huɗu ranar. Shekara biyu kafin wannan rana ba a bar ni na taɓa tafiretar ba sai don in goge ta da buroshi in canza mata ribon. Haka aka koya mana. Shi dai Alhaji bai taɓa dukana ba, yaga ce hukuncinsa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki aiki ya yi mana yawa. Kowa ya zama ɗan siyasa, kowa yana son takardar gayyata da jerin sunayen magoya baya. Alhaji ya je Kano ya dawo da kwamfuta ta hannu, mai ƙaton kai kamar talabijin, da ƙaramin janareta, muka kama shago a bakin titi. Shi bai taɓa zama a gabanta ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ni aka tura wa ita. Turancina na allon hanya ne, don haka na sayi ƙamus na ajiye kusa da kibod. Duk abin da ta rubuto mini sai in duba kalma-kalma.

Aikin da ya kai ni ga Eksel, manhajar lissafi ta kwamfuta, na wani hedimasta ne da ya kawo makin yaransa a takardun fulskaf, ya ce in buga masa, in haɗa jimla, in fitar da na ɗaya har na ƙarshe. Kwana uku na yi ina jerawa da hannu. A aji na biyar na ce lallai akwai hanya. Akwai wani maɓalli da in ka danna, kwamfuta za ta riƙa ɗaukar duk abin da kake yi kamar rikoda, ta rubuta shi, gobe ta maimaita da kanta. Wannan shi ake kira makiro, rubutun da ke cikinsa kuma kod. Na riƙa ɗauka, in buɗe in ga me ta rubuta, in goge layi ɗaya in ga me zai lalace. Da ɓarna na koya, babu wanda ya zaunar da ni. Cikin shekara guda na haɗa fayil ɗin da malami zai zuba maki kawai, ya danna, ya jera yara daga mai jimla mafi yawa zuwa ƙasa, ya sa musu lamba, ya fitar da katin kowa.

Makarantu suka yi ta zuwa. Kuma kowane shugaba da tsiyarsa. Wannan ya ce a sa masa tambarin makaranta, wancan ya ce Larabci da Alƙur'ani a ware su daban, wani ya ce shi arba'in ce makin ci, ba hamsin ba. Duk wanda ya zo sai in kwafi fayil ɗin, in gyara, in ajiye da sabon suna. Ga sunayen da nake sawa, kuma na san duk mai shago a garin nan haka yake yi: sakamako sabo, sakamako sabo na biyu, sabo na gaskiya, sabo na ƙarshe, sabo kar a taɓa. Sai da suka kai goma sha ɗaya. In ka buɗe su fuskarsu ɗaya ce, launi ɗaya, maɓalli ɗaya. Bambancin yana can ciki inda ido ba ya kaiwa, domin kod ɗin a cikin cikin kowane fayil yake kwance.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, shago ya cika da 'yan kara masu son hoton takardun shanu. Sai ga Malam Sabi'u. Shi ne mai kula da jarrabawa a wata makarantar al'umma a Sabon Gari, mutum ne mai sanyin magana, kullum da biro biyu a aljihu. Ya ce kwamfutar makarantarsu ta mutu, an gyara, amma komai ya goge.

"Malam Garba, a taimaka mini da na sakamakon nan. Sati mai zuwa za mu raba kati."

"Kawo fulash ɗinka."

Mutum shida ne a kaina, ga janareta yana tari. Na buɗe folda, idona ya sauka a kan wanda aka rubuta wa sakamako sabo, na jefa masa a fulash, na ce ya gaida gida. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Bayan sati biyu shugaban makarantar ya zo da kansa, fuskarsa babu fara'a. Ya ajiye kati biyu a teburina. Na farko na wani yaro ne Nura, ya zo na ɗaya a aji uku. Na biyun na wata yarinya ce Zulai, 'yar Utai, ta zo ta sittin da huɗu cikin yara sittin da bakwai. Amma jimlarta ta fi ta Nura. Yarinyar ce da kanta ta gano, da yara suka haɗa katunansu suna dubawa. Makarantar kuma na ɗaya zuwa na uku take turawa jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Nura ɗan yayan Malam Sabi'u ne, a gidansa ma yake zaune.

"Tambaya ɗaya na zo yi," in ji shugaban. "Abin naka yana iya yin wannan da kansa?"

Na karɓi makin ajin, na zuba a fayil ɗin da nake aiki da shi a lokacin, na danna. Zulai ta fito ta ɗaya, Nura na biyu. Na juya masa fuskar kwamfutar.

"Ranka ya daɗe, ga shi ka gani. Nawa ba ya kuskure. In an samu matsala, hannu ne ya shiga."

Da wannan maganar tawa aka dakatar da Malam Sabi'u. Aka ce kwamitin iyaye zai zauna bayan kwana goma, kuma kowa ya san me za a yanke. Kafin kwana biyu magana ta kai tasha ta kai kasuwa. Malami ya danne 'yar talakawa ya ɗora ɗan gidansa. Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana koyarwa ya koma ba ya iya tsayawa sayen tumatir.

A rana ta uku Malam Sabi'u ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ajiye fulash ɗin a gabana.

"Malam Garba, ni ban iya komai a ciki ba ban da zuba maki da dannawa. Ga abin da ka ba ni. Ka danna da hannunka."

Na danna. Zulai ta sittin da huɗu.

Ya kamata in gane nan take, amma ban gane ba. Sauran yaran da ke ƙasan jerin duk masu ƙaramin maki ne, sai abin ya yi kama da daidai in ban da ita. Abin da ya zo mini shi ne wani ya taɓa kod ɗin. Na ce ya bar mini fulash ɗin. Kod ɗin ya kai layi ɗari huɗu, a ɗakuna biyar, kuma tagar da ake karanta shi ba ta nuna fiye da tafin hannu biyu. In buɗe nasa, in karanta layi goma, in buɗe nawa, in manta abin da na karanta. Ga guda goma sha ɗaya. Kwana biyu na yi ina ɗora rula a kan gilashin kwamfuta ina bin layi, ban kai ko'ina ba.

A haka Dakta Rabi ta same ni. Malama ce a jami'a, kwamfuta take koyarwa, ni nake yi mata ɗaurin takardu. Ta tsaya a bayana tana kallon rular.

"Malam Garba, awon yadi ka koma?"

Na gaya mata komai. Ta tambaye ni ina nake ajiye kod ɗina. Na ce a cikin fayil mana, ina kuma? Ta ce wanne ne uban a cikin goma sha ɗayan? Na ce kowanne uban kansa ne.

"To ba ka da kod," ta ce. "Kana da 'yan haya goma sha ɗaya, kowa ya gyara ɗakinsa yadda ya so. Gobe da safe zan zo maka da wani abu."

Abin da ta kawo shi ake kira ad-in. Ƙaramin fayil ne da ake liƙa wa Eksel, duk lokacin da ka buɗe Eksel yana nan tare da shi. Aikin wannan ɗin ɗaya ne: ya zaro kod daga cikin fayil ya zube shi waje a matsayin rubutu tsura, wanda za ka iya karantawa, ka buga a takarda, ka ajiye. Kuma yana iya mayar da shi ciki. Ta ce ba za ta sa mini ba, ni zan sa tana kallo. Ga yadda aka yi, kuma har yau haka nake yi a kowace kwamfuta.

Da farko na so in kunna shi daga fulash ɗinta. Ta hana. Ta ce ranar da aka zare fulash, Eksel zai yi ta nemansa yana yi maka ƙorafi duk safiya. Sai na buɗe masa folda tasa a cikin kwamfutar, wadda ba za a matsar ba, ba za a canza mata suna ba. Na biyu, tunda daga intanet ya fito, kwamfuta ta sa masa takunkumi. Sai ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka shiga bayanansa, ka cire takunkumin. In ba ka yi haka ba zai shiga, amma zai yi kamar ba ya nan, kuma ba wanda zai gaya maka dalili. Na uku, ka shiga saitin Eksel, wurin da ake jera irinsu, ka nuna masa foldar, ka sa alama a akwatinsa. Na yi. Sai ga sababbin maɓallai biyu a sama, gefe da gefe, ɗaya na fitarwa, ɗaya na shigarwa.

Na kai hannu zan danna. Ta ce tsaya.

"Ka kwafi fayil ɗin Malam Sabi'u tukuna. Ka zare fulash ɗinsa ka sa a aljihu. A kan kwafin za mu yi aiki. Na dama ɗin nan, na shigarwa, in ka danna shi, duk kod ɗin da ke ciki ya tafi, wanda ke folda ya maye gurbinsa, kuma ba ya tambayarka sau biyu."

Na yi yadda ta ce, na danna na fitarwa. Ya rubuto mini Turanci mai tsawo ya ƙi. Na jawo ƙamus, ta bar ni na duba. Ashe akwai ƙofa ta huɗu a ɓangaren tsaro. Eksel ba ya barin wani kod ya taɓa wani kod sai ka ba shi izini da hannunka, saboda ta nan bairos yake bi. Na sa alamar. Ya sake ƙi. Wannan karon laifina ne, na kulle kod ɗina da kalmar sirri don kada 'yan Kano su kwafe. Kuma ba ɗaya ba ce, na canza ta sau uku cikin shekarun nan. Sai da na gwada sunan mahaifiyata, da lambar tsohon babur ɗina, kafin fayilolin suka buɗu duka. Dakta tana ta dariya, ta ce ɓarawon da nake tsoro ashe ni ne.

Kafin azahar kowane fayil yana da foldarsa, a ciki rubutu guda biyar. Karo na farko ke nan da na ga aikina na shekaru a fili. Ta sa mini wata manhaja ƙarama da take ajiye rubutu biyu kafaɗa da kafaɗa, duk layin da ya bambanta ta shafa masa rawaya. Muka haɗa na Malam Sabi'u da wanda nake aiki da shi. Rawaya ta fito wuri bakwai. A na uku na ga lambar: sittin da ɗaya.

Nan na tuna. Lokacin da na fara rubuta shi, aji mafi girma da na sani bai kai hamsin ba. Sai na ce ya jera daga layi na biyu zuwa na sittin da ɗaya, wato yara sittin, ina ganin na yi kyauta. Shi kuma mai sa lamba ba shi da iyaka, har ƙasa yake bi. Duk yaron da sunansa ya wuce na sittin a rajista ba a jera shi, a inda yake yake zama, a liƙa masa lambar wurin. Da yara suka cika makarantu, wata makaranta a hanyar Gaya ta yi ƙorafi, na gyara a nata fayil ɗin shekara uku da suka wuce, na ci gaba da aiki da gyararren, na manta da sauran. Zulai kuwa a tsakiyar shekara aka kawo ta daga Utai, sunanta a ƙasan rajista yake.

Saura tambaya ɗaya, ko wani ya taɓa na Malam Sabi'u. Muka haɗa shi da goma sha ɗayan, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan sakamako sabo, shafin ya fito fari tas. Ko ɗigo bai bambanta ba. Shi ne mafi tsufa a cikinsu. Ranar da na sa masa suna sabo ne.

Dakta ta ɗauki jakarta. Ta ce, "Nawa aikin ya ƙare. Ka cire alamar tsaron nan in ka gama."

Ilu, mai gyaran janareta da ke jikin shagona, sa'ana ne, tare muka tashi. Da la'asar ya shigo shan inuwa na ba shi labari.

"To mene ne abin damuwa? Ba ka ce akwai maɓallin da yake zuba gyararren a ciki ba?"

"Akwai."

"Ka zuba a fulash ɗinsa mana. Ka ce ka duba lafiya ƙalau, wataƙila wuta aka ɗauke yana cikin aiki. A ɗora wa wuta, ita ba ta da iyali."

"Na riga na gaya wa shugabansu hannu ne ya shiga. In fayil ya koma lafiya, hannun wa ya rage?"

Ya sosa ƙeya. "Na Sabi'u."

"To."

"Garba, makarantu nawa ne a hannunka? Mutanen nan fa don sun ɗauka ba ka kuskure suke zuwa. Ranar da ka ce ka yi, ko katin suna sai sun kai Kano."

"Na sani. Ranar Litinin kwamiti zai zauna, ina son aron ƙaramin janaretanka."

"Kai dai tun muna yara kanka dutse ne." Ya tashi ya fita. Ranar Litinin shi ya ɗauko janaretan a babur ɗinsa, ni na rungumo kwamfuta a baya.

A ofishin shugaban aka zauna. Akwai 'yan kwamiti biyar, da Malam Sabi'u a kujerar bakin ƙofa, da mahaifin yarinyar, Malam Isyaku, manomi, ya jingine kekensa a waje. Bayan an gaisa na nemi izini. Na ce maganar da na gaya wa shugaba kuskure ce, fayil ɗin da na gwada daban, wanda na ba Malam Sabi'u daban, kuma ni na ba shi da hannuna. Na ajiye takarda biyu da na buga, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar. Suka riƙa miƙa wa juna. Na ga babu wanda takardun suka gamsar. Ɗaya daga cikinsu ya ce a hankali, wai ai mai shago da malami sun saba.

Malam Isyaku ne ya yi magana.

"Ni ban iya karatun nan naku ba. Ka ce abin naka wanda ke ƙasa ne ba ya gani?"

"Haka ne, Malam."

"To ɗauko 'yata ka kai ta sama. Ka sauko da yaron nan ka sa shi inda take. Ka danna da wannan tsohon. In gaskiya ka faɗa, shi ma zai sha abin da ta sha."

Ni da Dakta ba mu yi wannan tunanin ba. Na zaro fulash ɗin daga aljihu, na sa Malam Sabi'u ya tabbatar nasa ne, na canza wa yaran wuri, na ce shugaba ya danna da kansa. Zulai ta ɗaya. Nura na sittin da huɗu. Sannan na shigar da gyararren kod a kwafi, aka sake dannawa: Zulai, Nura, sai sauran.

"Na gane," in ji Malam Isyaku. "Ƙidaya yake, in ya kai sittin ya gaji." Ya juya wajen ƙofa. "Malam Sabi'u, na ci mutuncinka a ƙofar masallacin Juma'a, mutane suna ji. Ba a ɗakin nan zan ba ka haƙuri ba. A can zan ba ka, wannan Juma'ar."

Malam Sabi'u ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai kalle ni ba.

Sai Malam Isyaku ya dawo kaina. "Kai kuma, makarantu nawa ka ba wa wannan mai gajiyar?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, kuma wannan amsar ce ta cinye mini shekara.

An mayar da Malam Sabi'u aikinsa a ranar. Shugaban ya je ya gyara sunayen kafin jarrabawa, yarinyar ta zauna. Ni kuma abin da Ilu ya faɗa ya tabbata. Zangon da ya biyo baya makarantu biyu kawai suka kawo aiki. Wasu sun koma haɗa jimla da hannu, wasu suka tafi Kano. Da hoton takardu da katin biki na riƙe shago. Duk ranar da ba kasuwa sai in hau babur da ad-in ɗin a fulash, in bi makarantun da na taɓa yi wa aiki, har Dagumawa da Utai, cikin damina, taɓo har gwiwa. In roƙi a bar ni in zauna a kwamfutarsu, in sa shi, in fitar da kod, in duba. Na sami tsohon a wurare huɗu. Biyu ban ma san suna da shi ba, malami ne ya ba abokinsa, don a nan in ɗan'uwa ya ce a ba shi kwafi ba a hanawa. Uku azuzuwansu ba su kai sittin ba, babu ɓarna. Ta huɗun sai da aka sake katin aji biyu. Wani hedimasta ya hana ni taɓa tasa, ya ce wanda ya ɓata ba shi zai gyara ba. Na rubuta masa a takarda kada ya bari aji ya wuce sittin, na tafi.

Yanzu ga yadda nake aiki, wanda zai koya a wurina haka zai yi ko ya nemi wani shagon. Kod ɗina a folda ɗaya yake zaune, a waje, a rubutu tsura. Shi ne uba. Fayil ɗin makaranta riga ce kawai da ake sa masa. Duk gyaran da zan yi, sai na fitar da abin da ke ciki na ajiye da kwanan watan ranar kafin in taɓa harafi ɗaya. In na gama sai in haɗa na jiya da na yau in ga rawayar, in tabbatar abin da na yi niyya kaɗai ne ya canza. Ina da littafi mai bango baƙi, a ciki nake rubuta me na gyara, don wa, da makarantun da suka karɓa da waɗanda ba su karɓa ba. A saman kowane fayil akwai lambar kod ɗin da ke cikinsa, har a gindin katin yaro tana fitowa, ko a waya malami ya karanta mini na san wanne ne a hannunsa. Ba a shigarwa sai an fitar. Ana gamawa a cire alamar tsaro. Kuma kalmar sabo ba ta sake hawa sunan fayil a shagona. Makarantun sun dawo, har da waɗanda ban taɓa yi wa aiki ba, kuma tun daga lokacin ba a sake kawo mini kati biyu a ajiye a tebur ba.

Malam Sabi'u ya shekara bai tako shagon ba. In mun haɗu a hanya mukan gaisa, iyakarta ke nan. Sai wata Talata da hantsi na ɗaga kai na gan shi da rajista a hammata.

"Malam Garba, an ce ka gyara hali."

"An ce."

"Bana ajin ya kai tamanin."

"Ko ɗari biyu ne zai bi su har ƙasa. In nuna maka layin?"

"A'a, riƙe layinka. Danna kawai."

Na danna. Ya ja kujera, ya zaro biro ɗaya, ya buɗe rajista a shafin ƙarshe. Ya ɗauki yara goma na ƙasa, ya haɗa jimlar kowanne da hannu, ya nemo matsayinsa a jerin, ya sa alama. Sai da ya gama goman ya ce in buga katin.

Kowane zango haka yake yi har yau. Yakan shigo ya ce, "Malam Garba, daga ƙasa za mu fara." Ni da na rubuta kod ɗin nake riƙe masa takardar ina karanto maki, shi yana lissafi. Yakan ɗauki kusan awa guda, wani lokacin mutane na jira a benci. Ban taɓa ce masa ya yi sauri ba.